Rigar da Ba Ta Warin Hayaƙi

Maritza ta cusa hancinta a wuyan rigar babanta ta shaƙa, ta sake shaƙa. Babu hayaƙi. Sai wani ɗan wari kamar na tsumman goge-goge da ya kwana a bokiti. Ta yi maza ta mayar da rigar kan kujera, don ta ji takun tsohon yana dawowa daga rumfar itace.

"Ki ƙarasa shinshinar, ban hana ki ba," in ji baban nata, Don Nibaldo, yana zube itace a gefen murhu. "Ga wando ma can idan kina so."

"Haba Baba, ninkewa nake yi."

"Da hanci ake ninke riga a Temuco?"

Ta ɗauki rigar ta ninke. Ai ya san abin da ya taso ta daga Temuco, inda take zaune, ya kawo ta gidansa a Valdivia a tsakiyar ruwa da sanyin Yuli, ita ma ta san ya sani. Wata biyu da suka wuce wata rigarsa ta zame daga wayar shanya ta faɗa kan murhun ƙarfe yana barcin rana, ba don maƙwabciya ta hango hayaƙi ba da wani labarin ake yi. Yayanta Hernán ya taso daga Santiago a fusace, ya tsinke wayar da uwarsu ta yi shekara arba'in tana shanya a kai, ya sayo wani ƙarfen shanya mai aiki da lantarki, ya kafa sharaɗi. Ranar da aka sake ganin ko safa ɗaya a saman murhu, Baba zai bar gidan nan ya koma wurinsa, a bene hawa na goma sha huɗu. An ma riga an gyara ɗakin. Yau Maritza ce 'yar leƙen asiri, kuma ƙarfe biyar Hernán zai kira.

Ita dai ba ta yarda ba. Mutumin da ya ƙi sa tabarau shekara goma don taurin kai, shi ne zai bi umarni haka siddan? A garin da kaya ke yin kwana huɗu a igiya ba su bushe ba, kowa ya san ɗan gidan murhu da ƙanshin hayaƙin jikinsa. Rigar da ba ta warin hayaƙi a gidan nan, dole akwai wata a ƙasa.

Da ya sunkuya yana hura wuta, ta ɗaga kai ta dubi ƙusoshi biyu na tsohuwar wayar shanya da suka rage a bango. Ta kai yatsa ta shafa ɗaya. Baƙin hayaƙi ya taru a kai bai goge ba, ga yanar gizo-gizo. To, ko ya kafa wasu a wani wuri? Ta bi katakon silin da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Za ki sha shayin mate ko sai kin gama ƙirga ƙusoshin?"

"Zan sha."

Ya zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, ganyen shayin da ake sha a ƙasar, ya miƙa mata. Sai ya ce bari ya duba kaji, ya fita ya ja ƙofa. Ruwa na tsugawa, kaji uku kacal gare shi, kuma wannan ne karo na uku da ya duba su tun isowarta. Ta leƙa ta taga. Yana can bayan rumfa, ya dafa bango, ya juya mata baya. Zuciyarta ta ce a rumfar nan yake kunna gawayi yana shanya.

Tana ganin ya shigo ta ce za ta gaishe da maƙwabciya. Ta bi ta rumfar tukuna. Itace, gatari, tsohon keke. Ko toka babu.

Doña Uberlinda, wadda bangon katako ɗaya ya raba gidanta da nasu, ta tare ta a bakin ƙofa da gari a hannu.

"Maritza, an aiko ki kama ɓarawo?"

"Tsakani da Allah, maƙwabciya, ke kike busar masa da kaya?"

"Ni? Nawa ma sun ishe ni. Na ce ya kawo, ya ce ya yi wa ɗansa alkawari. Kin san halinsa, in ya kafe ya kafe." Ta goge hannu a jikin zanen gabanta, ta rage murya. "Ke dai ki tambaye shi abin da yake ta ja a ɗaki ran Lahadi. Sai da kofunana suka yi rawa. Sauran kuma ba a bakina za ki ji ba, ya rantsar da ni."

Maritza ta dawo ranta a ɓace. Sai a lokacin ta lura ƙofar ɗakin kwanansa a kulle take. Tun tana yarinya ba ta taɓa ganin makulli a ƙofar nan ba.

"Baba, ina ƙarfen shanyar?"

"Yana inda yayanki ya ajiye shi."

"In gani."

"Ƙarfe ne, 'yata. Yana da ƙafa huɗu da wutsiya. Ba ki taɓa ganin ƙarfe ba?"

"Ba ni makullin."

"Ban gyara gado ba."

"Ni zan gyara."

Ya daɗe yana kallonta. Ta ga yadda wuyansa ya rame a cikin rigar sanyi, amma fushi bai bar ta ta tsaya a kan wannan ba. Ta riga ta gama tsara abin da za ta tarar: waya daga taga zuwa ƙofa, kaskon gawayi a ƙasa. Har ta fara jin yadda za ta faɗa wa Hernán, da yadda zai ce ai ya faɗa. Tsohon ya laluba aljihu ya ajiye makullin a kan tebur, bai miƙa mata ba.

Tana buɗe ƙofar wani ɗumi mai laima ya buge ta a fuska, da warin nan na rigar, amma ninki goma. Ga ƙarfen a tsaye gefen gado, ƙaramin jan idonsa a kunne, an lulluɓe shi da zanen gado. Ta ɗaga zanen. Riguna, safa, tawul, an jera su tsaf a kan sandunan, gefen da ya taɓa ƙarfe ya bushe, sauran a jiƙe. Gilashin taga na ta zubar da ruwa daga ciki, an cusa tsumma a duk wata kafa. Babu waya, babu gawayi. A jikin bango ga takarda da rubutun Hernán: a rufe taga, a rufe ƙofa, a lulluɓe, kada zafi ya fita.

Ta taɓa bargo, sanyi da danshi. Ta taɓa matashi, haka. Sai ta ga kabad ɗin kaya ya bar mazauninsa, ya koma kusa da kan gado, ga sawun jansa a katakon ƙasa. Ta sa kafaɗa ta tura shi.

Bangon baƙi ƙirin da fumfuna, daga ƙasa har sama, daidai inda yake sa kansa. An yi ta gurzawa a wasu wurare har fenti ya tashi, abin ya sake tsirowa a kai.

A bayanta tarin da ya yi ta kai wa kaji tun safe ya ƙwace masa. Ya dafa ƙofa yana yi, mai zurfi, mai ruwa-ruwa, har sai da idonsa ya kawo hawaye.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Sati uku. Ko huɗu."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? In na rataya a murhu, Santiago. In bango ya yi baƙi, tsoho ya kasa riƙe gida, Santiago. In na yi tari, Santiago." Ya share baki da bayan hannu. "Murhun uwarku yana shanye ruwan kaya ya fitar ta bututu. Wannan kuwa cire ruwan yake yi daga riga ya zuba mini a gado. Na gane tun satin farko. Amma na yi alkawari."

Kunya ta kama Maritza, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Wata biyu tana zarginsa da ƙarya, ta hau mota tun asuba don ta kama shi, ashe biyayyar da ya yi musu ce take cinye masa ƙirji.

Ta zare filogin. Ta fizge tsummokaran, ta buɗe tagar har ƙarshe, iskar ruwa ta shigo. Ta kinkimi ƙarfen da kayan da ke kai, yana bugun ƙofa yana bugun ƙafarta, ta kai shi kicin ta dasa taku uku daga murhu, inda ko riga ta faɗo sai dai ta faɗi ƙasa. Ta naɗe wayar wutar a ƙafarsa ta ɗaure.

"Haka ai babu lantarki," in ji tsohon.

"Yana da ƙafa huɗu, ya isa. Katifa ma nan za ta dawo. Gobe da safe kuma asibiti, kuma ba tambayarka nake yi ba."

"Likita zai gaya wa Hernán?"

"Likita bai san Hernán ba."

Suna cikin jan katifa wayarta ta yi ƙara. Biyar daidai, Hernán bai taɓa makara a irin wannan ba.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya. To, me kika gani? Ya sake ratayawa?"

"Ko sau ɗaya. Har ƙusoshin na duba."

"Kin tabbata? Kin san Baba da wayo."

"Na shinshina rigarsa, na tambayi maƙwabciya, na shiga rumfa."

"Ƙarfen fa, yana amfani da shi?"

Ta dubi rigunan, tururi ya fara tashi daga jikinsu a ɗumin murhu. "Ga kaya nan a kai yanzu haka."

"Ai na faɗa muku abin yana da amfani. Lafiyarsa ƙalau dai?"

Don Nibaldo na zaune a bakin katifa. Ta ga kafaɗunsa sun fara rawa, tarin na shirin ƙwace masa, ya jawo tawul ya danne baki, idonsa a kanta. Maritza ta miƙa hannu ta buɗe famfo har ƙarshe, ruwa ya yi ta dukan tukunya.

"Me kika ce? Ba na jin ki."

"Wanke-wanke nake yi, Yaya," ta ce. "Bari in gama."