Farar Ƙafar Ɗantsoho

Sau uku Ɗantsoho ya goge koriyar rigar nan da safiyar Alhamis, rigar da ba a taɓa buga ƙwallo da ita ba. Shi ba ɗan wasa ba ne, gwiwarsa ta hagu ta daina yi masa biyayya tun yana sakandare a Funtuwa. Amma kaf ɗaliban Nijeriya da ke Alƙahira babu mai son ƙungiyarsu kamarsa. Shi ke riƙe tuta, shi ke yi wa alƙalin wasa wa'azi da Larabcin littafi in ya ga son kai, shi ne kuma ya yi makonni yana laɓewa a filin atisayen ɗaliban Nijar har ya cika takarda biyu da rauninsu.

Gobe Juma'a bayan La'asar za a yi karon shekara tsakanin ɗaliban ƙasashen biyu. Shi kuwa ya kammala digirinsa na biyu, tikitin komawa gida na cikin akwati. Wannan ne karonsa na ƙarshe, kuma ya ci alwashin sai ya ga an lallasa 'yan Nijar da idonsa kafin ya bar Masar.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Sada ne, kyaftin ɗin ƙungiyar. Ya shigo yana ta gaisuwa mai tsawo, irin wadda ake yi in an ɗauko magana mai nauyi.

"Yaya Ɗantsoho, alfarma muka zo nema. Wani sabon ɗalibi zai sauka gobe a filin jirgi. Bai san kowa ba, ko gaisuwar Misirawa bai iya ba. Muka duba, muka ga babba irinka ne ya dace ya tarbe shi."

"Ƙarfe nawa?"

Sada ya sosa ƙeya. "Wajen La'asar haka."

Ɗantsoho ya ajiye dutsen guga a hankali. "Ikon Allah! Shekaranjiya an ce in je kasuwar Ataba in sayo kofin gasa, gobe da La'asar. Jiya an ce wani mara lafiya a unguwar Wustul Balad ba ya son ganin kowa sai ni, gobe da La'asar. Yau kuma jirgi. Wai ni kaɗai na rage mai ƙafa a garin nan?"

"Ai ƙafar ce matsalar, Malam."

Azumi ce, matarsa, ta leƙo daga ɗakin girki tana share hannu da gefen zani. Ta ƙi kallon Sada, wanda ke yi mata alama da ido kamar mai neman ceto.

"Tunda sun kasa faɗa maka, ni bari in faɗa. Mata sun gama zancen a wurin suna tun makon jiya. Karo biyar aka yi tun zuwanka. Huɗu ka je, aka cinye ku. Shekarar da aka kwantar da kai aka yi maka aiki a ciki, ranar suka ci uku da nema. Wai farar ƙafa gare ka."

Kai, jama'a! Da mari aka yi wa Ɗantsoho da ya fi masa sauƙi. Ya juya kan Sada.

"Sada! Kai da ka ci mumtaz, maki mafi girma, a darasin Aƙida? Ba ni na yi maka bitar babin camfi ba, a ɗakin nan, a kan tabarmar nan? Ba kai ne ka tashi a gaban malami ka jero hujjoji har ya ce Allah ya yi maka albarka ba?"

"Wallahi ni ban yarda da camfi ba, Allah ya tsare ni," in ji Sada da sauri. "Wannan ba camfi ba ne, Yaya. Maslaha ce."

"Maslahar gidanku! Bara an ci mu ne don ɗan bayanmu na hagu ya cika cikinsa da koshari kafin wasa. Bara waccan kuwa ku goma sha ɗaya kowa so yake ya ci ƙwallo, har da gola. Ni na ce ku dinga buga ta sama kamar masu korar tattabaru? Ga takarda nan, na rubuta komai. Lamba bakwai ɗinsu ba ya iya juyawa hagu. Golansu tsoron ƙwallon ƙasa yake yi. Bana namu ne, ko makaho ya ga haka!"

"Na sani. Amma Abdurrahim, golanmu, in ya ji muryarka sai hannunsa ya kama rawa. Ya ce shi ma bai yarda ba, to amma hannun nasa bai karanta Aƙida ba."

Azumi ta koma ɗakin girki da sauri, aka ji dariyarta ta gauraya da ƙarar tukunya.

"Khalas, shi ke nan," in ji Ɗantsoho, yana nuna ƙofa. "Ka gaishe da sabon ɗalibin naku. Gobe ni ne farkon shiga filin nan."

Haushin bai sake shi ba har washegari. Shekara shida yana shan rana dominsu, muryarsa ta dusashe ba adadi, ashe duk kallon annoba suke yi masa. Kuma wai ɗaliban ilimi, waɗanda za su koma gida su hau mumbari!

Bayan sallar Juma'a ya sa rigarsa, ya naɗe tuta, ya cusa takardun a aljihu. Yana saukowa sai ya tarar da tasi a ƙofar gida, mutum na jingine da ita yana washe baki. Ya'ƙub ne, shugaban magoya bayan 'yan Nijar, mutumin Damagaram da suka shekara shida suna cacar baki.

"Ranka ya daɗe! Mun ji an ce za a hana ka kallo. Mu kuwa ba ma goyon bayan zalunci. Yalla, bismilla. Mun tanadar maka kujera a inuwa, da ruwan sanyi."

"Allah ya isa tsakanina da kai, Ya'ƙub."

"Ma'alish, yi haƙuri, mu dai kada ka makara."

Ɗantsoho ya wuce shi, ya tari ƙaramar bas da ke zuwa unguwar Arba wa Nus, ya matsu tsakanin wata mata mai kwandon burodi da wani mai tukunyar gas. Duk hanya yana jero wa kansa hujjoji, kuma ko ɗaya babu mai rauni.

Filin na wata cibiyar matasa ne, an kewaye shi da doguwar katanga. Yana sa kai ta ƙofa sai ɓangaren 'yan Nijar ya miƙe tsaye gaba ɗaya, ana tafi, ana kiran sunansa. Ga kujerar nan kuwa da gaske, har da matashi a kai. Ya dubi ɓangaren 'yan Nijeriya. Mutanen da ya tarba a filin jirgi da hannunsa, waɗanda ya raka neman takardar zama, duk suka sunkuyar da kai.

A bakin raga Abdurrahim na ɗumama jiki. Ya ɗago, suka haɗa ido. Wani ya turo masa ƙwallo a hankali, irin wadda ko tsohuwa za ta tare. Ta bi ta tsakanin hannuwansa ta kwanta a raga. 'Yan Nijar suka kece da sowa.

Ɗantsoho ya tsaya riƙe da tutarsa. Har yanzu bai yarda da camfin ba, kuma ba zai taɓa yarda ba. Amma hannun nan da gaske rawa yake yi, kuma nan da minti goma da shi za a tsare raga. Sai ya ji haushin ya sauka, baƙin ciki ya maye gurbinsa. Yana son ya gani da idonsa, amma ashe ya fi son su ci.

Ya yafito Sada, ya damƙa masa tutar da takardun.

"Lamba bakwai, ku tura shi hagu. Ka ce wa Abdurrahim na tafi filin jirgi."

"Yaya..."

"Kada ka gode mini, wallahi sai in fasa."

Ya fita. Tsallaken titi akwai wani gidan shayi mai kujeru huɗu. Ya ja ɗaya, ya juya wa katangar baya, ya zauna. Mai shayin, wani tsohon Bamisire, ya kawo masa kofi, ya dubi koriyar rigar, ya dubi ƙofar filin da ke buɗe.

"Ya Shehi, lafiya? Mu shekara biyu ke nan an hana mu shiga filin wasa, sai dai talabijin. Kai ga ƙofa a wangale, ba mai tare ka, ka zo ka zauna a nan?"

"Shayi na zo sha," in ji Ɗantsoho.

Aka busa usur. Ya riƙe kofin da hannu biyu, bai kurɓa ba. Yana jin dukan ƙwallo, yana jin "Kai! Kai! Kai!" na tashi yana faɗuwa. Shayin ya huce. Can sai ihu ya fashe a bayan katanga, irin wanda ke tayar da tsuntsaye daga kan rufi.

"Ta shiga! Ta shiga! Wallahi ta shiga!"

Ya zabura har kujerar ta faɗi. Ya kasa kunne iya ƙarfinsa, ko zai tsinci murya guda da ya sani. Ina! Masu murnar Hausa suke yi, masu salati ma Hausa suke yi.

"Naku ne suka ci?" tsohon ya tambaya.

Ɗantsoho ya dubi ƙofar filin. Taku ashirin ne kacal. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya sunkuya ya ɗaga kujerar.

"Ban sani ba," ya ce. "Ƙaro mini shayi."