Kabarin Balarabe

A shekarar 1988 ina koyar da tarihi a wata sakandare a Lafiya, kuma ina da wata ɗabi'a da abokaina ke yi mini dariya a kanta. Duk Asabar sai in hau babur in bi ƙauyuka ina tambayar inda jirage suka faɗo lokacin yaƙin basasa. Wurare uku na samu na rubuta a littafi, har da lambobin da na kankare tsatsa na karanta. Matuƙan ne ban taɓa samun sunan ko ɗaya ba.

Labarin littafin nan ne ya kawo mini Nguavese. 'Yar ƙabilar Tibi ce, nas a Makurɗi, doguwa mai magana a hankali, kuma ranar da ta tsaya a ƙofar ofishin malamai sai da na manta ajin da zan shiga. Ta ce mahaifinta Torkula matuƙin jirgin yaƙi ne. Ya tashi wata safiya a 1968, tana 'yar shekara huɗu, bai dawo ba. Yanzu uwarta na kwance, ciwo ya cinye ta, abu ɗaya take roƙo, a kawo ƙasusuwan mijinta gida cikin danginsa don a kwantar da ita kusa da shi.

Ta buɗe tsohon littafin tafiye-tafiyensa, na buɗe nawa. Lambar jirginsa ita ce ta biyu a jerina, a wani ƙauye gaba da Arikya.

Da muka je babu abin da ya saura sai guntun wutsiyar jirgin, wanda wani manomi ya yi ƙyauren rumbu da shi. Sauran tuni maƙera suka narke shi, ya zama tukwane da ludaya. Nguavese ta daɗe tana shafa lambar. Manomin ya ce in dai Balaraben jirgi muke nema, mu ga Malam Babandi, mai wankan gawa, shi ya yi masa sutura.

Tsohon ya shimfiɗa mana tabarma a zaure. Ya ce a lokacin kowa ji yake Larabawan Masar ne ke tuƙa jiragen nan, gawar kuma ta ƙone har ba a gane fata. Wanka bai yiwu ba, taimama ya yi masa. Aka yi masa salla aka binne shi a tsakiyar maƙabarta. Daga baya mutane suka fara ce masa Sharifi, tsofaffi na barin wasiyyar a sa su kusa da shi. Mahaifin mai gari yana damansa, matar Babandi tana wajen ƙafafunsa.

Nguavese ta miƙa masa hoton mahaifinta. Ya duba, ya leƙa waje ya ga babu kowa, sannan ya rage murya.

"'Yata, na san ba Balarabe ba ne. Akwai gicciye a wuyansa, wuta ta manne masa shi a ƙirji. Ni kaɗai na gani, na rufe da likkafani."

Ta tambaye shi dalili. Ya ce kwana biyu gawar ta yi a gonar dawa ba wanda ya zo nemanta, ungulaye sun fara sauka. Da ya faɗa, da ba wanda zai bari a sa shi cikin musulmi, shi kuma ya ga ɗan wani ne. Ya ce tonowa kam ba zai yiwu ba, sai an bi ta kan kaburbura bakwai. Amma zai ɗebo mata ƙasar kabarin a ƙwarya ta kai wa uwarta, kuma duk shekara ta zo a matsayin baƙuwarsa, ya kai ta bakin shinge ta tsaya. Abin da ya roƙa kawai shi ne maganar ta tsaya a zauren nan.

A hanyar dawowa tana kuka a bayana, hawayenta na jiƙa mini riga. Ta ce za ta je ta shawarci uwarta, in jira ta mako guda.

Ban jira ba. Na karanta littattafai da yawa inda gaskiya ke fitowa kowa ya sunkuyar da kai, kuma ina son ranar da ta dawo ta tarar na buɗe mata ƙofar da ta gagari kowa. Ranar Laraba na ɗauki takardu na je fadar mai gari. A gaban dattawa na karanta lamba da suna da shekara. Da wani ya ce ƙarya nake yi, sai na ce su tambayi Malam Babandi abin da ya gani a ƙirjin gawar.

Aka kira shi. Ya shigo yana dogara sanda, bai dube ni ba, bai kuma musa ba.

Kafin la'asar sun yanke hukunci. Ba a tonon maƙabarta, ba a taɓa yi ba, ba kuma za a fara a kan iyayensu ba. Wanda ke ciki Balarabe ne, haka suka sani, haka za su gaya wa jikokinsu. Babandi ba zai ƙara taɓa gawar kowa a garin ba. Ni da baƙuwata kuma kada a sake ganin ƙafarmu.

Ranar Asabar na tare ta a tashar Makurɗi da ke Lafiya. Ta sauko daga mota da sabuwar ƙwarya a ɗaure cikin ɗankwali, fuskarta a sake. Ta ce uwarta ta yarda, ta ce ƙasa ma ta isa, a zuba mata a kabari, a kuma gode wa tsohon nan.

Na gaya mata abin da na yi, a tsaye, 'yan kamasho na ta kiran fasinja a kanmu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Tica, wa ya aike ka?"

Na ce saboda ita na yi, saboda gaskiya.

"Ubana ne, ba naka ba. Mako ɗaya kawai na ce."

Ta koma cikin motar da ta kawo ta, ta zauna har ta cika. Na tsaya a gefen taga ina ta magana, ita kuwa tana kallon gabanta.

Bayan kwana goma sha tara uwarta ta rasu, a bakin wani direba na ji. Na rubuta wa Nguavese wasiƙa huɗu, ba amsa. Cikin damina na haɗu da Malam Babandi a kasuwar Lafiya, ya koma zama wurin 'yarsa Mairo saboda a ƙauye an daina amsa masa sallama. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambaye ni jikin uwar yarinyar nan. Na gaya masa. Sai ya ce in matsa, na tare masa hanya.