Tsagin da ke haƙorin tela

Haƙoran robar da Likita ta yi wa mahaifinta sun yi kyau, kowa ya faɗa. Ran da ta sa masa su, Baba ya daɗe yana duba madubi, ya ce wannan ai angon da Umma ta aura ne ya dawo. Umma ta ce angonta bai taɓa yin farin haƙori haka ba, kada ya yi wa yarinya ƙarya.

Amma Baba sai ramewa yake yi. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, shi da yake tela. In Likita ta zo gida takan tarar da haƙoran a bakinsa, ta tambaya ko suna damunsa, ya ce, "Lafiya lau, Uwata. Allah ya yi miki albarka." Umma ce ta ja ta kicin ta gaya mata gaskiya: ƙarar motarta yake ji ya lalubo su. Tana tafiya sai su koma gwangwanin maɓallai. Tun da ba ya yini da su, dasashinsa bai saba ba, in ya zo tauna sai zafi, ya ture kwano ya ce a ba shi shayi.

Abin ya tsaya wa Likita a rai. Ba ta yi gaggawa a aikin nan ba. Tana da siffar haƙoransa na asali, wadda ta zuba da filasta tun tana ɗaliba, lokacin da aka ce kowa ya nemo bakin da zai koyi aiki a kai, Baba ya rufe shago ya zo ya hangame mata nasa. Ta tuna malaminsu ya nuna mata wani ɗan tsagi a bakin haƙorin gaba, ya ce ta cika ruwa a kwaɓin, shi ya sa filastar ta ɓantare. Ta ji kunya, ta ajiye siffar a saman kabad. Da haƙoran Baba suka zube ta sauko da ita, ta cike tsagin da kaki, ta bi sauran layi-layi.

Wata Asabar ta bar motar, ta tako da ƙafa zuwa shagon. Ya gan ta a makare, ya yi wuf ya sa haƙoran, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba. Ta zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, suna hira, yana taka keke. Da ya kai ƙarshen kalmasa sai ya ɗaga rigar, ya kai zaren bakinsa ba tare da ya duba ba. Zaren ya zame. Ya sake, ya zame. Ga almakashi kusa da gwiwar hannunsa, amma da ƙyar ya ɗauka, kamar wanda aka ce ya ci abinci da hagu.

Ta lura da inda yake kai zaren: haƙorin gaba, ɗan gefen dama.

Da ta koma asibiti ta ɗauko tsohuwar siffar, ta kankare kakin da farce. Filastar da ta ɓantare takan bar kaifi. Wannan tsagin kuwa sumul yake, ya ɗan karkata, yadda zare zai ci wuri in ya yi shekara da shekaru yana bi. Ta zauna tana juya shi a hannu. Kullum sai ta gaya wa marasa lafiya haƙori ba almakashi ba ne, kuma gaskiya take faɗa musu. Amma mahaifinta yana ramewa.

Washegari ta karɓi haƙoran, ta ce za ta goge su. Ta ajiye siffar a gabanta, ta ɗauki siririn zarto, ta yi wa aikinta mai kyau tabo a hankali, tana gogawa tana gwadawa da zare.

Ta mayar masa da su a shago. Ya sa su don kunyarta, ya ci gaba da ɗinki. Ƙarshen kalmasa ya zo, hannu ya tafi baki, zare ya tsinke. Ya ɗora wata rigar a keken, har ya taka, sannan ƙafarsa ta tsaya. Ta ga harshensa yana lalube a bayan leɓe.

"Uwata, kin ɓata musu kyau."

"Kaɗan, Baba."

Umma ta shigo da kwanon rana, ta ajiye gwangwanin maɓallai kusa da shi yadda ta saba. Ya ture gwangwanin gefe, ya buɗe kwanon, ya ce a yanka masa naman ƙanana tukuna.