Sabuwar Muryar Rabon Ruwa

Shekara tara Malami yana riƙe da jadawalin ruwa na manoman rani a Taloka, kuma bai taɓa ganin madatsar Goronyo ba. Makaho ne. Kwamfuta ke yi masa karatu, da wata murya mai ƙaraji kamar ana jan gwangwani a ƙasa. Kowace Laraba masu albasa su taru bakin tagar ofis, ya ƙure sauti, kowa ya ji ranarsa. Ba mai musu. A wurinsu inji ke rabo, inji kuwa ba ya da suruki.

Sai manhajar karatun ta kafa nacin a sabunta ta. Malami ya yi ta ja, har saƙon ofishin ruwa ya daina buɗuwa. Dole ya danna. Kash! Sabuwar ta ƙi tsohuwar murya ƙememe. Ɗan ƙarin manhajar da ke karanta masa jadawali layi-layi ma sai da ya yini yana neman sabonsa. Muryar da ta zo ta namiji ce, sumul, har da jan numfashi. Shi kam ta yi masa daɗi, kunnensa ya huta.

Ran Laraba muryar ta karanto: Mode, kwalbati na biyar, Talata.

Mode, wanda kullum Lahadi yake samu, ranar da kowa ke so, ya daki taga. "Tsaya, Malam! Wa ka magana?"

"Inji na."

"Wane inji? Wanga mutum na, na ji shi yana shaƙar iska! Ta waya anka haɗo shi. Wa yab biya shi yam maishe ni Talata?"

Malami ya sauya zuwa muryar mace, ko za su gane. Wani ya ce, "Ga matarshi ma!" Wuri ya kaure.

Maccido, shugaban ƙungiya, ya gyara murya. "In ba a maido tsohon ba, sai mu samo mai ido ya karɓi aikin."

Kafin kujerar nan zaman zaure Malami yake yi, ana gaishe shi ana wucewa, kuma tsoron komawa can ya kama shi sosai. Tsohuwar murya kuwa ba ta dawowa. Ya rufe kwamfutar.

"Jama'a, inji bai taɓa raba ruwa ba. Karatu kawai yakai. Ni ka rabawa. Mode, ni nim maishe ka Talata, don kwalbatinku ya toshe, sai Litinin za a yashe shi."

Mode ya matso.

"Duk shekarun ga kai ka ba ni Lahadi?"

"Ni."

"Har shekarar da nic ci zarafinka gaban mutane kan iyakar gonar ƙanenka?"

"Har ita."

Mode ya juya wajen shugaba.

"Alhaji, bar zancen mai ido. Malam, buɗe injin, ya kai mu ƙarshe."