Buhun Wayoyin Ɗanmusa

A makonnin da aka katse layukan waya a Sabon Birni da Isa, labari a buhu yake shigowa gari. Ɗanmusa, ɗan kasuwar da ke kai wake Nijar ya dawo da dabino, shi ke tattara wayoyin ɗaliban jami'a da suka zo hutu ya zuba a tsohon buhun shinkafa. Idan ya kai bakin iyaka, inda layin Nijar ke kamawa, sai ya kunna data a wayarsa, sauran su jona da kansu su kwashi saƙonni. Da la'asar kowa ya zo ya karɓi tasa.

Ranar Litinin wayoyi talatin da huɗu ya kai. Masu su duka suna cikin Zauren Zaman Lafiya, dandalin WhatsApp da ɗaliban Gobir suka kafa bayan wata bita a Sakkwato. Duka wayoyin sun dawo da hoto iri ɗaya.

Lubna, 'yar ƙanwar Ɗanmusa, tana aji huɗu a karatun likitan dabbobi. A soro ta buɗe tata. Hoton Jabir ne, ɗan ajinsu, Bafulatani daga wata ruga kusa da Kurawa. Yana tsugune da sirinji a hannu, ga saniya, ga mutum biyu masu rawani a bayansa. A ƙasa an rubuta: "Ga likitan 'yan bindiga. Shi ka yi ma shanun sata allura, shi ka kai musu labarin gari."

Ta san hoton, domin gwiwar hannunta ce ta leƙo a gefen dama. Bara aka ɗauke shi wajen Isa, ranar da malaminsu ya kai su yi wa shanu rigakafi. A cikakken hoton, wanda ke cikin wayarta, akwai malamin da ɗalibai tara. Wani ne ya zauna ya yanke su.

Kafin magariba hoton ya bi gari daga waya zuwa waya ta Bulutut, wanda ba ya buƙatar layi. Aka ce ya kai hannun 'yan sa-kai. Rugar su Jabir kuwa babu mai shiga a wancan lokaci sai da dalili, kuma babu hanyar kiransa.

Da sassafe ranar Talata Ɗanmusa ya tarar da ita tsaye jikin motarsa.

"Ke ɗiyata, mi za ki yi bakin iyaka?"

"Za ni kiran shugabanmu, Kawu. Shi kaɗai ka iya gyara wanga abu."

"Shiga, riƙe buhun. Kar ki bari shi bugi ƙarhe."

Ƙarfe goma da kwata suka tsaya gindin wata aduwa. Buhun ya fara tsuwa a cinyarta. Ta kira Mubashshir, shugaban Zauren, wanda ke hutunsa a Sakkwato.

"Malama Lubna! Kin ga aiki ko?" Muryarsa cike da fara'a. "Minti goma sha ɗaya kacal munka goge shi. Ba a taɓa yin sauri haka ba. Har na sa cikin rahoton da za mu aika ma waɗanda sunka horar da mu."

"Kun goge shi a Sakkwato. Nan Kawu ya kashe data kahin ku goge. Hoton na hannun 'yan sa-kai tun jiya."

"Subhanallahi. To ai yanzu za shi ɓace."

"Ba ɓacewa nika so ba. Ka rubuta da sunanka cewa ƙarya ce. Ka ce Jabir ɗalibi ne, rigakahi munka tahi yi. Ga cikakken hoton nan za ni turo maka."

Ya yi gyaran murya. "Kin san doka ta huɗu. Ba a maimaita labarin ƙarya, ko da don ƙaryata shi. Kuma ba a ambaton suna ko ƙabila. Haka anka koya muna."

"Wa ya saka hoton? Ban san lambar ba."

"Muna tattaunawa da shi. Ba mu kunyata mutum a Zaure, jawo shi mukai a jiki."

"Jabir fa? Wa ka jawo shi a jiki?"

"Malama, ki kwantar da hankalinki. Irin wanga zahin rai shi muka yaƙi da shi."

Ta kashe. Ta buɗe Zauren don ta saka hoton da kanta. Inda saƙon jiya yake, yanzu layi ɗaya ne: an goge wannan saƙo. Wurin rubutu kuma a rufe, shugabanni kaɗai ke iya magana. Mubashshir ya kulle dandalin tun daren jiya domin ƙura ta lafa.

Ta shiga tura hoton ga mutane ɗaya bayan ɗaya. Daga cikin masu wayoyin buhun, lambar mutum bakwai take da ita. Ɗanmusa ya tsaya yana kallon hanya.

"Sun hana ƙarya magana, sun hana gaskiya," in ji shi. "To ai sun yi adalci. Taso mu koma, waken ya jira."

Bayan azahar ta sami Gwadabe, shugaban 'yan sa-kan unguwarsu, a kan benci ƙofar gidansa. Abokin mahaifinta ne. Wani ɗalibi da ya karɓi wayarsa daga buhu ya riga ta zuwa, ya nuna masa inda aka goge saƙon.

"An goge," Gwadabe ya ce. "In ƙarya ce, mi ya hana su ce ƙarya ce? Ku 'yan boko ɓoye junanku kukai."

Ta durƙusa ta miƙa masa wayarta. Ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a kan malamin da farar rigarsa ta asibiti.

"Wagga ke ce."

"Ni ce, Baba."

Ya miƙo mata wayar, bai dube ta ba. "Yarana sun hita zuwa rugar tun hantsi."

Ya tura mai babur ya bi su. Mai babur ya tarar da bukkoki shida sun ci wuta, an kora shanu. Ba a sami kowa ba. Wata mai tallar nono, Habi, ta ga hoton a kasuwa tun yammacin Litinin, ta koma ruga da ƙafa ta faɗa. Jabir da iyayensa sun tsallaka Nijar kafin gari ya waye.

Jabir bai dawo jarrabawa ba. Sau ɗaya ya kira Lubna da wata lambar Nijar, ya tambaye ta ko an yi gwajin tiyata, ya ce ta gaishe da malam. Ta ce masa Gwadabe ya yi shela a masallaci cewa hoton yankakke ne. Ya ce ya gode, amma mahaifinsa ya rantse ba zai sake kwana a wannan ɓangaren iyaka ba, shi kuma ba zai bar tsoho shi kaɗai ba.

Bayan wata uku da dawowar layi, Mubashshir ya tsaftace Zauren. Duk wanda ya yi kwana casa'in bai ce komai ba aka cire shi, don a san adadin masu himma. Lubna tana ɗakin karatu sanarwar ta shigo. Mutum goma sha tara ne. Sunan Jabir ne na shida. Wanda ya yanke hoton yana nan, domin kullum da safe yakan turo addu'ar zaman lafiya.