Ƙamshi a Hijabin Humaira

Shekarar da aka watsa Bama, Aisa ta iso Gombe da jaririya a goye da sana'ar da ta koya a hannun mahaifiyarta, wato haɗa turaren wuta. A unguwar Gabukka suka samu ɗaki. Mijinta Madu ya shiga bin manyan motoci, sai ya yi wata biyu ba a gan shi ba, don haka ita da 'yarta Aisha Humaira ne a gidan, sai kuma hayaƙin hawi da gajiji da ya kama bango da labule.

Humaira tana da shekara tara ƙaiƙayin ya fara. Da safe ta yi atishawa sau goma a jere, hanci ya yi ta zuba, sannan idanu su ɗauka. Takan murza su da bayan hannu har farin idon ya rine ya koma kamar ruwan shayi. 'Yan ajinsu suka sa mata suna 'yar wiwi. Wani mai kemis ya ba Aisa 'yar kwalba mai farin ruwa, aka ɗiga sau biyu, yarinya ta tashi garau. Tun daga nan kwalbar ba ta yanke a gidan ba, shekara biyu cur.

Sista Hilda ce ta lura. Nas ce a sashen ido, 'yar Kaltungo, takan zo daga unguwar Madaki sayen turare duk ƙarshen wata, kuma ba ta zuwa ba ta tsokani Aisa ba.

"Ku Barebari ko jariri kuka haifa sai kun banda shi kamar kifi," in ji ta, tana kore hayaƙi da gyale.

"Ke da kike zuwa saya kin fi mu laifi," Aisa ta ce.

Suna cikin dariya Hilda ta miƙa wa Humaira kofi ta gefen hagu. Yarinyar ba ta karɓa ba. Sai da aka kira sunanta ta juyo da fuskarta gaba ɗaya, sannan ta gan shi. Hilda ta daina dariya, ta ce a kawo mata abin da ake ɗiga wa yarinyar. Ta karanta jikin kwalbar, ta ce gobe su same ta a asibiti kafin ƙarfe takwas.

Likitar ta yi bayani a hankali. Ta ce jikin Humaira ne ba ya shiri da wasu abubuwa da take shaƙa, shi ya sa hanci da ido suke bori. Maganin kemis yana kwantar da borin, amma ba a yin dogon amfani da shi sai likita yana aunawa, domin yana jawo hawan jinin ido. Na Humaira ya hau ya daɗe, ya kashe jijiyar idon hagu kusan duka. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Na dama ne ya rage, shi za a yi ƙoƙarin tsarewa.

Aka ɗiɗɗiga wasu ruwaye a hannun yarinyar, aka ɗan tsaga fatar da bakin allura, aka jira. Wuri ɗaya ya kumbura ya yi ja. Likitar ta ce wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani, masu zama a katifa da matashi, hayaƙi kuma yana ƙara hura wutar. Akwai allurar da ake yi kaɗan-kaɗan har jiki ya saba, amma takan ɗauki shekara uku ko fiye, kuma ba su da ita a nan. Ta rubuta sabon maganin ɗigawa da na fesawa a hanci, ta ce ba su da saurin aiki, sai an yi haƙuri. A riƙa shanya katifa, a wanke zanin gado da ruwan zafi. Kwalbar kemis kuwa an gama da ita. Hayaƙin turare kada ya sake kusantar yarinyar.

Aisa ta yi duk abin da aka ce. Ta kwashe tukwane da kasko ta kai zauren wata maƙwabciya, can ta koma aiki. Ta wanke labule, ta goge bango. Abu ɗaya ne bai zo mata a rai a matsayin hayaƙi ba. Kullum idan ta gama aiki takan ɗora hijabin makarantar Humaira da rigar matashinta a kan kabbasa, ɗan kejin da ake kifawa kan kasko, su sha turare, ta ninke ta kawo gida. Haka aka yi mata, haka aka yi wa uwarta. 'Yar Borno ba ta fita da kaya babu ƙamshi. Kuma ai yarinyar ba ta wurin lokacin da hayaƙin yake tashi.

Ƙaiƙayin bai lafa ba. Sati uku Humaira tana murza ido har fatar ta tsage, ta daina zuwa makaranta. Wata ranar Juma'a bayan la'asar ta kama zanin uwarta.

"Mama, na da ɗin nan. Sau ɗaya kawai."

Aisa ta tsaya a ƙofar kemis ta daɗe kafin ta shiga. Sau ɗayan ya zama kullum, har ranar komawa asibiti ta zo bayan wata guda.

Hilda ce ta sunkuya tana gyara wa yarinyar haɓa a kan na'urar awo. Ta tsaya, ta kama gefen hijabin ta kai hanci.

"Maman Humaira, wannan fa?"

"Hijabi ne kawai. A can gidan nake turara shi, ba ta ko leƙawa."

"Yini take yi da shi a bakin hancinta. Matashin ma?"

Aisa ta gyaɗa kai. Da likitar ta ga awon, ba ta yi faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi, Aisa kuma ta ciro kwalbar daga jaka ta ajiye a kan tebur. Idon dama ya fara cinyewa daga gefe. Magani kaɗai ba zai riƙe shi ba yanzu, sai an yi aiki, kuma aikin tsayar da ɓarna yake yi, ba ya mayar da komai. Aka sa musu ranar Talata ta sama.

A gida Aisa ta wanke hijabin sau huɗu da ruwan zafi, ƙamshin ya ƙi fita. Ta kwashe kayan yarinyar duka ta ba maƙwabta, ta je kasuwa ta sayo farin yadi aka ɗinka sabon hijabi. Humaira ta saka, ta shinshina.

Ranar Litinin suna zaune a tsakar gida, Aisa tana ɗiga mata maganin asibiti. Yarinyar ta rufe ido, ruwan yana gangarowa ta gefen kunci.

"Mama, in an yi aikin zan ga allo daga bencin baya?"

Aisa ta goge mata da gefen zani.

"Ban sani ba," ta ce. "Zan roƙi malamarku ta dawo da ke gaba."