Minti Ɗaya na Ƙarar Ruwa

Tun da gidan rediyon da yake aiki ya sallame su shi da abokan aikinsa, Maitama ya kafe sai ya koma Kano. Matarsa Rumasa'u kuwa nas ce a wani asibiti a garin Gaithersburg, can ƙasar waje inda suke zaune, aikinta na tafiya daidai, 'yarsu Aliyya tana jami'a. Wata biyu ke nan yana jiran ta ce za ta bi shi ko za ta zauna.

Ranar Asabar ya ce su je Calvert Cliffs, ya ga bakin ruwa kafin ya bar ƙasar. Kusan awa biyu a mota shi kaɗai ke zuba, ita tana kallon gonakin masara. A hanyar ta yanke shawara. Zaman shekara ashirin da biyu ba wasa ba ne, za ta ajiye aikin ta bi shi, ko da ranta bai so ba.

Suka ajiye mota, suka ratsa kurmi da ƙafa har bakin ruwan. Gaɓar tana tsaye kamar tsohuwar ganuwa da ruwa ya zaizaye, itatuwa sun leƙo daga sama, saiwoyinsu a waje. A gindinta mutane sun duƙufa suna tonon yashi, wai haƙoran kifin zamanin da suke nema.

Maitama ya zaro rikodarsa. Al'adar 'yan rediyo ce, duk inda aka je sai an ɗauki minti ɗaya na ƙarar wurin, ko tari ba a yi. Babu sauran shirin da zai saka ta, amma hannu ya riga ya saba.

"Abban Aliyya, zancen tafiyar nan," in ji Rumasa'u.

Bai waiwayo ba. Tafin hannu kawai ya ɗaga mata, yadda yake yi wa ma'aikata a situdiyo. Ta san hannun nan sarai. Ta gan shi a kan abinci, ta gan shi a mota, har ranar da ta shigo gaya masa rasuwar mahaifinta ta tarar yana tace murya.

Ruwa na ta dukan gindin gaɓar yana komawa. Ba ta ji haushi ba, gajiya kawai ta ji. Ta tuna a asibiti in ta buɗe baki, likita ma dakatawa yake yi.

Minti ya cika, ya kashe rikodar fuska a sake, ya ce ƙarar ta fito tas, yanzu ta faɗi maganarta, yana jin ta.

Ta kaɗe yashin takalminta. "Tikiti ɗaya za ka yanka."